Makomar ɗaliban digirin digirgir a kimiyyar lafiya nauyi ne a wuyan jami'a

Duk wanda ya shiga karatun digiri na uku a fannin kimiyyar halittu da lafiya, akwai wani alkawari da ake yi masa ba tare da kowa ya furta shi da baki ba. Alkawarin shi ne, idan ya jure shekara biyar ko shida a ɗakin gwaje-gwaje, ya wallafa maƙalu a mujallun kimiyya, sannan ya ƙara wasu shekarun yana bincike na wucin gadi a ƙarƙashin wani farfesa, to wata rana shi ma zai samu kujerar koyarwa ta dindindin, da ɗakin gwaje-gwajensa, da ɗaliban da za su yi aiki a hannunsa. Wannan alkawari ba ya cika ga mafi yawan waɗanda aka yi wa shi, kuma jami'o'i sun daɗe da sanin haka. Ra'ayina shi ne, tunda sun sani, shirya ɗalibi ga ire-iren ayyukan da zai iya yi bayan kammalawa ya zama wajibi a kansu, daidai da wajibcin koya masa tsara gwaji da fassara sakamako, kuma bai kamata a bar lamarin a hannun sa'a ko a hannun halin malamin da ɗalibi ya faɗa wa ba.

Alƙaluman ba ɓoyayyu ba ne. A shekarar 2012 wani kwamiti da hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta kafa, wanda Shirley Tilghman, shugabar Jami'ar Princeton a lokacin, tana cikin jagororinsa, ya fitar da rahoto kan ma'aikatan wannan fanni. Rahoton ya nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu na masu digirin digirgir a fannin ke samun kujerar koyarwa ta dindindin ko wadda ke kaiwa gare ta. A Birtaniya kuwa, rahoton da ƙungiyar masana ta Royal Society ta fitar a 2010 ya ƙiyasta cewa waɗanda ke kaiwa matsayin cikakken farfesa daga cikin masu digirin digirgir a kimiyya ba su kai ko ɗaya cikin ɗari ba. Abin lura a rahoton Amurka shi ne, rashin aikin yi a tsakanin waɗannan mutane kaɗan ne ƙwarai. Ke nan ba zaman banza suke yi ba. Suna samun aiki, amma aikin da ba a shirya su dominsa ba, kuma sau da yawa sai bayan sun ɓata shekaru suna jiran kujerar da ba za ta zo ba.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. Farfesa ɗaya yakan yaye ɗalibai da dama a tsawon rayuwarsa ta aiki, alhali kuwa idan ya yi ritaya kujera ɗaya tak zai bari. Muddin jami'o'i ba su ci gaba da ninkuwa ba, dole ne yawancin ɗalibansa su nemi wani wurin. Tsakanin 1998 da 2003 an ninka kasafin kuɗin NIH, daga sama da dala biliyan 13 zuwa kusan biliyan 27, sai jami'o'i suka gina sababbin gine-gine, suka ɗauki ƙarin ɗalibai da masu bincike na wucin gadi, kamar dai kuɗin zai ci gaba da ƙaruwa har abada. Da kasafin ya tsaya, sai mutanen da aka horar suka yi wa kujerun da ke akwai yawa. A 2014 manyan masana huɗu, Bruce Alberts da Marc Kirschner da Shirley Tilghman da Harold Varmus, suka rubuta wata maƙala da ta yi tashe, inda suka ce tsarin ya ginu ne kan zaton bunƙasa marar iyaka, kuma gasar da ya haifar ta wuce kima har tana cutar da kimiyyar kanta. Akwai kuma wata gaskiya da ba a cika son faɗa ba: ɗalibai da masu binciken wucin gadi su ne ƙashin bayan aikin ɗakunan gwaje-gwaje, su ke riƙe da bututu da na'ura dare da rana a kan ɗan alawus, don haka yawan waɗanda ake ɗauka yana bin buƙatar hannuwan aiki ne fiye da yadda yake bin yawan guraben da ke jiransu a gaba.

Ina waɗannan mutane suke tafiya? Wasu suna shiga kamfanonin harhaɗa magunguna da na fasahar halittu, inda suke ci gaba da bincike, sai dai a can aikin na ƙungiya ne, yana da wa'adi, kuma ana iya rufe shiri a yini guda idan bai nuna alamar zai kai ga magani ba. Wasu suna zama masu shirya takardun neman amincewar hukumomin kula da magunguna, aikin da ke buƙatar sanin dokoki da haƙurin karanta dubban shafuka. Akwai masu tafiyar da gwajin magani a kan marasa lafiya, masu kula da cewa an nemi yardar kowane mutum yadda ya dace kuma an rubuta kowane sakamako ba tare da ƙari ko ragi ba. Akwai masu duba haƙƙin mallakar ƙirƙira, da editocin mujallu, da marubutan da ke fassara sakamakon bincike ga likitoci ko ga jama'a, da masu nazarin tarin bayanan ƙwayoyin halitta da kwamfuta, da masu ba gwamnatoci shawara kan manufofin lafiya, da masu koyarwa a kwalejojin da ba bincike ne babban aikinsu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ƙofar shigarsa, da irin takardar bayanin kai da ake so, da irin tambayoyin da ake yi a ganawar ɗaukar aiki. Ɗalibin da ya shafe shekara shida yana nazarin furotin guda zai iya zama gwani na haƙiƙa, amma ya kasa bayyana wa mai ɗaukar aiki cikin minti biyu abin da ya iya, domin ba a taɓa tambayarsa haka ba. Ya iya tsara aiki mai tsawon shekaru, ya iya gano kuskure a cikin alƙaluma, ya iya koyar da na ƙasa da shi, ya iya jure gazawa sau goma ya sake gwadawa, amma duk wannan a wurinsa sunansa "aikin ɗakin gwaji" kawai.

Ba za a ce ba a yi komai ba. A 2012 aka buɗe wani dandali na kyauta a intanet mai suna myIDP, a ƙarƙashin sashen ayyuka na mujallar Science, wanda ke taimaka wa ɗalibi ya auna ƙwarewarsa da sha'awarsa da abubuwan da yake darajawa a rayuwa, sannan ya kwatanta su da hanyoyin aiki kusan ashirin. Daga Oktoban 2014 NIH ta fara neman masu karɓar tallafinta su bayyana a rahotonsu na shekara yadda suke amfani da tsarin bunƙasa kai na kowane ɗalibi, wato takardar da ɗalibi ke rubuta burinsa na aiki da ƙwarewar da yake buƙatar koya. A 2013 da 2014 hukumar ta ba cibiyoyi 17 tallafi na shekara biyar a ƙarƙashin shirin BEST domin su gwada hanyoyin faɗaɗa horon ɗalibai. Birtaniya ma ta riga ta fara tun da wuri: bitar da Gareth Roberts ya jagoranta a 2002 ta ba da shawarar a ware wa ɗalibin digirgir aƙalla mako biyu a shekara don koyon ƙwarewar da za ta yi masa amfani a ko'ina, kuma hukumar da ke tallafa wa binciken kimiyyar halittu a ƙasar, BBSRC, ta sanya wa ɗaliban shirye-shiryenta na haɗin gwiwa zaman koyon aiki na wata uku a wani wurin da bai shafi kundinsu ba. Yarjejeniyar kula da masu bincike da aka sabunta a ƙasar a 2019 ta tanadi aƙalla kwana goma a shekara don bunƙasa kai.

Kayan aiki dai akwai su. Abin da ya rage shi ne ko ɗalibi yana da damar taɓa su, kuma a nan ne nake ganin an fi yin sakaci.

A duba yadda ranar ɗaliba take a shekararta ta huɗu. Tana da ƙwayoyin halitta a cikin akwatin ɗumi waɗanda dole a sauya musu ruwan abinci a kan lokaci, ko Asabar ce ko Lahadi. Tana da gwajin da ta fara tun asuba wanda ke buƙatar a ɗebi samfur duk bayan sa'a biyu. Da ƙarfe biyu na rana ofishin kula da makomar ɗalibai ya gayyato wata tsohuwar ɗaliba da ke aiki a hukumar kula da magunguna don ta yi bayani. Ɗalibar tana son zuwa, amma malaminta yana ofishinsa ƙofa a buɗe, kuma ta taɓa jin abin da ya ce game da wani da ya bar bincike ya koma kamfani: "Kaico, mun yi asarar yaro mai ƙwaƙwalwa." Don haka ko dai ta haƙura, ko kuma ta cire rigar gwaji ta rataye a bayan kujera don a zaci tana nan kusa, ta sulale, ta zauna a layin baya, ta fito kafin a fara tambayoyi. Na ga irin wannan da idona, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin gwaje-gwaje ya san ba ƙari na yi ba. Jami'ar za ta rubuta a rahotonta cewa ta shirya taruka kaza a shekara, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai ɗalibar da aka shirya taron dominta ta halarce shi ne kamar mai aikata laifi.

Tsoron nata yana da tushe. A wannan fanni malami mai duba aiki yana riƙe da kusan komai na ɗalibi: sau da yawa daga tallafinsa ake biyan alawus, shi ke yanke lokacin da aiki ya isa a kare kundi, shi ke tsara jerin sunaye a kan maƙala, shi ne kuma zai rubuta wasiƙar shaida wadda ake karantawa kafin a karanta komai. Ga ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa, har izinin zamansa yana rataye da ci gaban karatun. Wanda ke cikin irin wannan hali ba zai fito fili ya ce yana tunanin barin hanyar malaminsa ba, sai in ya tabbata faɗin hakan ba zai sa a janye masa kulawa a mayar wa wani ba.

Ban ɗauki malaman a matsayin azzalumai ba, kuma rashin adalci ne a ɗauke su haka. Yawancinsu suna ƙaunar ɗalibansu. Amma su ma a matse suke: a Amurka matsakaicin shekarun da mai digirgir ke samun babban tallafinsa na farko daga NIH ya haura arba'in, kuma sabunta tallafin ya dogara ne kan sakamakon da hannun ɗalibai ke samarwa. Malamin da ya bar ɗalibarsa ta tafi koyon aiki na wata uku ya yi asarar wata uku na gwaji a cikin gasar da ba ta jiran kowa. Bayan haka, shi kansa hanya ɗaya ya taɓa bi, ita ce ta kai shi inda yake, don haka ko ya so ba da shawara kan aikin kamfani ko na hukuma bai san ta inda zai fara ba. Hausawa na cewa kowa ya daɗe ya ga daɗau, amma wanda ya daɗe a wuri guda abin wurin kawai ya gani. Saboda waɗannan dalilai biyu ne nake cewa kuskure ne a ɗora nauyin a kan malami shi kaɗai. Ana neman mutum ya yi abin da ya saɓa wa maslaharsa, a fannin da bai sani ba, sannan a yi mamaki idan bai yi ba.

Akwai masu cewa duk wannan zai raunana digirin, zai janye hankalin ɗalibi daga bincike, ya tsawaita karatun. Wannan damuwa ce da ta cancanci amsa, kuma an amsa ta da alƙaluma. A 2021 mujallar PLOS Biology ta wallafa nazarin da ya tattara bayanai daga cibiyoyi goma da suka shiga shirin BEST, aka kwatanta ɗaliban da suka halarci ayyukan bunƙasa kai da waɗanda ba su halarta ba, kuma ba a ga cewa halartar ta tsawaita lokacin kammalawa ko ta rage yawan maƙalun da suka wallafa ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ɗalibin da ya san inda ya dosa yana da dalilin gamawa. Wanda bai sani ba shi ne ke jan ƙafa, yana ƙara gwaji a kan gwaji, domin abin da ke bayan ƙofar ya fi ba shi tsoro fiye da zaman da yake yi.

Wasu kuma suna cewa digirin digirgir ba makarantar koyon sana'a ba ce, neman ilimi ne don ilimi. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba na son a mayar da ɗakin gwaje-gwaje ofishin neman aiki. Amma jama'ar da ke biyan kuɗin horon nan da harajinsu suna da haƙƙi a kan abin da ya fito daga gare shi, kuma maganin da aka gano a jami'a ba ya isa ga marar lafiya sai ya ratsa hannun mai gwaji a asibiti, da mai duba inganci, da mai tantancewa a hukuma. Idan waɗannan kujeru suka samu mutanen da suka san yadda ake tuhumar alƙaluma, ilimin ne ya ci riba. Katalin Karikó, wadda ta kasa samun tallafi har aka rage mata matsayi a jami'a a 1995, ta koma kamfanin BioNTech a 2013, kuma a 2023 ta samu kyautar Nobel tare da Drew Weissman kan aikin da ya share fagen rigakafin korona. Ba na kawo ta don in ce kowa zai zama kamarta ba, labarinta na daban ne. Na kawo ta ne don ta nuna cewa ma'aunin da jami'a ke auna nasara da shi yana iya kuskure mutum ƙwarai da gaske.

To me ya kamata a yi? Abu na farko shi ne a rubuta lokacin a cikin ƙa'idar karatu, yadda ba zai zama alfarmar da ɗalibi zai roƙa ba. Abin da ya burge ni a tsarin koyon aiki na wata uku na Birtaniya shi ne kasancewarsa sharaɗi: malami ya san da shi tun ranar da ya karɓi ɗalibi, ya tsara aikinsa a kansa, kuma ɗalibar da ta tafi ba ta bayyana wa kowa wani sirri ba, tunda kowa ma zai tafi. Kuɗin wannan lokaci kuma ya fito daga sashe ko daga hukumar tallafi, kada a cire shi daga aljihun binciken malami.

Sannan a bambance abin da ke aiki da abin da ke cika rahoto kawai. Lacca ta sa'a ɗaya tana buɗe ido, amma ba ta isa a yanke shawarar rayuwa a kanta ba. Abin da ke sauya tunanin ɗalibi shi ne ya zauna da mai yin aikin na rabin sa'a ya tambaye shi yadda ranarsa take, me ke gajiyar da shi, nawa ake fara biya, wace ƙwarewa ce ya yi nadamar rashin koyonta tun yana makaranta. Abin da ya fi wannan ma shi ne ya gwada aikin da hannunsa, ko na mako ɗaya ne, ya rubuta taƙaitaccen bayani ga mai tsara doka, ko ya duba takardar neman amincewa da magani. Wasu za su dawo suna cewa sun gano abin da suke so. Wasu za su dawo sun tabbatar cewa bincike a jami'a shi ne ransu, kuma wannan ma riba ce, domin yanzu zaɓa suka yi da idonsu a buɗe. Duk wannan ya kamata a fara shi tun shekara ta biyu, domin wanda ya fara tunani wata uku kafin kare kundi ba zaɓi yake yi ba, abin da ya samu yake kamawa, kuma abin da ya fi sauƙin samu shi ne wani aikin binciken wucin gadi. Takardar tsarin bunƙasa kai ita ma tana da amfani ne kawai idan an zauna an tattauna ta da gaske, kuma zai fi kyau a samu mutum na biyu, wanda ba shi da wata maslaha a gwajin ɗalibin, ya duba ta tare da shi. Idan aka cike ta a minti goma daren da za a miƙa rahoto, to an ƙara wa kowa aiki ne kawai.

Akwai kuma batun gaskiya tun a ƙofar shiga. A 2017 wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka, ciki har da Johns Hopkins, suka haɗu suka yi alkawarin wallafa bayanan ɗalibansu a fili: nawa aka ɗauka, nawa suka kammala, shekara nawa suka ɗauka, kuma ina suke aiki yanzu. Ban ga dalilin da zai hana kowane sashe da ke ba da wannan digiri yin haka ba. Saurayi ko budurwar da za su ba da shekarun ƙuruciyarsu mafi ƙarfi sun cancanci su ga inda waɗanda suka riga su suka sauka, kafin su sa hannu. Sashen da bai san inda ɗalibansa suke bayan shekara biyar ba, ya nuna da kansa iyakar kulawarsa da su. Tattara waɗannan bayanai yana da wata fa'idar kuma, domin tsofaffin ɗalibai su ne mafi kyawun masu ba da shawara, kuma yawancinsu a shirye suke su amsa kira idan an neme su.

Ba zan wuce batun lafiyar ƙwaƙwalwa ba, ko da a taƙaice. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Biotechnology a 2018 ya samu cewa ɗaliban manyan digiri da suka amsa tambayoyinsa sun ninka sauran jama'a fiye da sau shida wajen nuna alamun damuwa da baƙin ciki mai tsanani. Dalilan suna da yawa, amma ba na shakkar cewa rashin sanin makoma, haɗe da jin cewa duk wata hanya in ba ta farfesa ba faɗuwa ce, yana daga cikinsu.

Ɗalibi ma yana da nasa rabon aikin, domin babu ofishin da zai yi masa tunanin abin da yake so da rayuwarsa, kuma wasiƙar neman ganawa da wani ma'aikaci shi ne zai rubuta ta da kansa. Sai dai ƙarfin ɗalibi kaɗan ne idan aka kwatanta da na waɗanda ke raba tallafi da ƙarin girma. Yau idan kwamiti ya zauna duba cancantar malami, yakan ƙirga maƙalunsa da kuɗin da ya jawo, idan kuma aka zo kan ɗalibansa, waɗanda suka zama farfesoshi ne ake ambata da alfahari. Ina so a ƙara tambaya a takardar duba cancantar malami: ina sauran suke, wata nawa suka yi kafin su samu aikin da ya dace da horonsu, kuma me malamin ya yi don taimaka musu? Hukumomin tallafi suna da ikon sanya wannan tambaya a cikin sharuɗɗansu daga zagayen neman tallafi mai zuwa, kuma su ba amsarta maki kamar yadda suke ba sauran sassan takardar.